Matakala Talatin da Ɗaya

Abobo-ya ta sauke su ta yi gaba,
ganguna huɗu na farin ƙarfe a ƙofar gida,
suna zufa kamar su suka tako da ƙafa.
Ofori ya tsaya a kansu yana sosa ƙeya.
Gobe cikar shekarar uwarsa,
a can saman rufi za a zauna,
yaran da ya yi wa alkawarin sidi ashirin-ashirin kuwa
sun bi ƙwallo, ba su dawo ba.

Ni ina bakin kekena ina kafa hannun riga.
Na san abin da ke ciki.
Tun da aka yanke mini cibi a Asawase
ko ɗigonta bai taɓa harshena ba.
Na sunkuyar da kai, na ƙara wa keke gudu.

Ya mirgina ɗaya zuwa gindin bene,
ya rungume ta kamar ɗan kokawa.
Matakala ɗaya. Biyu.
A ta uku ta ce ba da ita aka yi ba,
ta dawo da shi ƙasa,
ƙarar har ta watsa kajin Maame Serwa.
Mutum ya haura sittin,
gwiwar hagu kuma tun haɗarin hanyar Tamale ba tasa ba ce.

Benen nan na san shi.
Talatin da ɗaya, da kwana biyu masu matsi.
Na ƙirga shi daren da bakin Baba Gado ya karkace,
an ɗauke wuta, ni hannuna sai rawa,
Ofori ya fito da singileti,
bai tambayi kowa komai ba,
ya durƙusa, ya goya mahaifina kamar jariri,
ni ina gaba da tocilan
ina faɗin lamba don kada in yi kuka.
Baba bai dawo daga asibiti ba.
Wancan ba laifin bayan Ofori ba ne.

Na cire ƙafa daga keke.

Taɓaryar sakwara muka samo, da igiyar guga.
Shi a sama, ni a ƙasa,
wanda ke ƙasa kuwa shi nauyi ya sani.
Abin da ke ciki ba ya zama wuri ɗaya,
ka ɗaga, ya gudu baya,
ka tsaya, ya dawo ya buge ka a ƙirji
kamar mai neman a yi magana.
A kwanar farko bango ya ci fatar yatsuna.
Ofori yana nishi da Asante,
ni ina nishi da Hausa,
gangar ba ta jin ko ɗaya.

Azumi ta leƙo ta taga da ludayi a hannu.
Tanimu, me za ka ce wa liman?
Na ce bari in kai sha bakwai tukuna.
Na san karatun, ba yau na fara jin sa ba,
har mai ɗaukarta an ambata.
Shi ma na ɗauke shi, tare da gangar,
bai fi ta sauƙi ba.

Ta huɗu muka kai ana kiran magariba a Aboabo.
Muka zube a kan siminti mai ɗumi,
rufin kwano ja har iyakar gani.
Ya laluba aljihu. Na ce kul.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na sauko ina dafa bango.
Na wanke hannu sau uku, na ƙara da sabulu,
na yi alwala, na yi istigfari,
shatin taɓarya na zugi a kafaɗa har cikin sujada.

Da safe na tarar da tulun zoɓo mai sanyi a bakin ƙofa,
da hannun rigar jiya,
ashe a baibai na kafa shi.